Zafin baƙin mai a RX-8: nawa ne daidai, wane geji kuma zan ɗaura?

Mai Rotari, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na sayi Mazda RX-8 ƙirar 2005, 'yar Kwatano, mai giyar hannu. Kada kowa ya yi mini faɗa, an riga an yi. Hajiyarmu ma da ba ta san fistan ba sai da ta ce na sayo wa kaina aiki. Ga wanda bai sani ba, injinta ba shi da fistan ko ɗaya, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa a ciki, shi ake kira rotari.

Ran Asabar na tafi ɗaurin aure Daura daga nan Katsina, na juyo da misalin ƙarfe biyu, rana na dukan tsakiyar ka, ga AC a kunne. Ina wuce Mashi na fara jin ƙaurin mai. Na gangara gefe na ɗaga bonet, hucin da ya doki fuskata kamar na leƙa tandar burodi. Amma allurar zafi ta dashbod tana nan tsakiya abinta, ko gezau. Ta baƙin mai ma haka.

To masana, digiri nawa ya kamata baƙin mai ya kai a irin wannan inji? In zan sa geji, wane iri zan nema, kuma a ina ake ɗaura shi?

Tsohon Bakanike:

Wa'alaikumus salam. Yaro, ka yi dabara da ka tsaya. Allurar nan biyu da kake kallo kwantar da hankali kawai suke yi. Ta ruwa ba ta barin tsakiya sai zafi ya riga ya yi nisa. Ta baƙin mai kuwa ba zafi take aunawa ba sam, ƙarfin turin mai ne, shi ɗin ma da akwai da babu kawai take nunawa.

A injin fistan ruwan lagireto ne ke kwashe yawancin zafi. A rotari ruwa yana zagaya gidan ne kawai, ba ya isa cikin ƙarfen da ke juyawa. Baƙin mai ake fesawa cikinsa ya ɗebo zafin ya fito da shi. Shi ya sa Mazda ta sa wa man nasa ƙaramin lagireto a bayan bamba, kusa da tayar gaba. Masu giyar hannu da aka yi wa kasuwar Amurka biyu suke zuwa da su, hagu da dama, masu otomatik na farko kuwa ɗaya. Ka durƙusa ka leƙa naka.

Lissafin da nake bi: in inji ya gama ɗumi, 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas lafiya lau ne. A gosulo ko ka matsa mata da zafin Afrilu, ta taɓa 105 ba abin tashin hankali ba ne. Daga 110 ka sassauta ƙafa, ka kashe AC. In ka ga 120, nemi inuwar darbejiya ka tsaya, amma kada ka kashe nan take, bar ta ta ɗan yi silo fanka na aiki. Mai in ya yi zafi haka ya zama ruwa-ruwa, ba ya riƙe ƙarfe. Kuma injin nan sassa ne aka jera aka ɗaure, tsakaninsu robobi ne ke tare ruwa. Zafi ya cinye su, sai sauke inji, kuma ka faɗa mini wa zai haɗa maka shi a garin nan.

Wannan lissafin fa na man da ya riga ya bi ta lagiretonsa ne, wato a gindin filta. In ka auna a kaskon ƙasa za ka ga ya fi haka, don can ne man da ya fito daga wuta yake zuba. Mutum biyu sai su yi ta musu a kan lamba, ashe kowa da inda ya soka sensarsa.

Ɗan Kasuwar Mashi:

Oga ka wuce ta ƙofar shagona ba ko gaisuwa? Ni shawarata biyu ce. Ko ka cire tamosta, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya ɗumama, kamar yadda kowa ke yi a Arewa, ko ka sayar ka sayi Corolla ka huta.

Tsohon Bakanike:

Ta biyun zan iya sa hannu. Ta farko a'a. Mai mai sanyi ma cuta ne, in bai kai zafinsa ba danshi da fetur ɗin da suka gauraya da shi ba za su fita ba. Da hunturu motar nan za ta yi ta yawo ba ta ɗumama ba, rotari kuwa in aka kashe shi da sanyi fetur kan cika shi ya ƙi tashi.

Rewaya Daura:

Baba ya gama magana, ni gejin kawai zan taɓa. Iri biyu ne. Akwai mai siririn bututun tagulla da ke tahowa tun daga inji har gaban direba, ba ya son wuta, amma bututun ya lanƙwashe sau ɗaya shi ke nan ya tashi aiki. Ɗauki na lantarki, mai sensa da waya, faɗin milimita 52, wanda ke karantawa daga 50 zuwa 150. Wanda ya tsaya a 120 na ruwa ne, bar musu kayansu. Ka lura da harafin jikinsa, kayan Amurka da F suke zuwa, wato ma'aunin Farenhait: 180 ɗinsu shi ne 82 namu, 210 kusan 99, 250 kuma 121. Na taɓa ganin wanda ya ga 200 ya kashe mota a tsakiyar titi yana salati.

Ana sayar da wani faifan alminiyam da ake sawa tsakanin filta da inji, yana da ramukan sensa. A 2005 filtar tana sama ta bayan inji, aikin ba wuya. Sensa da geji su zama 'yan gida ɗaya, in ka haɗa na wani da na wani ƙarya za su yi maka. A ba shi as mai kyau, wato wayar da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, wayar kuma kada ta bi kusa da salansa. Na'urar da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ba za ta taimake ka ba a nan, zafin ruwa za ta ba ka, motar ba ta zo da sensar zafin mai ba.

Mai Rotari, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri Baba, kai ma Malam Rewaya. A garin nan ban samu faifan ba, sai da na yi aike Ƙofar Ruwa a Kano, shi ma sai da aka yi kwana tara. Mun ɗaura jiya. Fitar farko zuwa Batagarawa da dawowa, da azahar, ya nuna 112, gabana ya faɗi. Na durƙusa kamar yadda Baba ya ce. Lagireton man biyu ne, amma na dama ya toshe da ƙura da busasshiyar ciyawa har da ledar fiyawota, haƙarƙarinsa duk sun kwanta. Muka wanke da ruwa a hankali, muka miƙe su da tsinken sakace. Yau hanya ɗaya, lokaci ɗaya, 97.

Da na ja sandar mai kuma na tarar ya kusa layin ƙasa. Yoyo ne, Baba?

Tsohon Bakanike:

Ba lallai ba. Da gangan injin ke ɗiga mai cikin wuta don ya jiƙa bakin ƙarafan nan, yana ƙonewa tare da fetur. Duk shan fetur biyu ka ja sandar, kuma galan ɗaya na baƙin mai ya zauna a but. In ka ga ɗigo a ƙasa inda ta kwana, fara duba gindin faifan da kuka sa jiya.