Jan layi a ƙarƙashin "by" ya ƙi ɓacewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibin lissafi ne ni a nan Birnin Kebbi, sati biyu ke nan da na fara koyon Lean 4, manhajar da ke tantance hujjojin lissafi, a VS Code, manhajar da nake rubutu a cikinta. Hujjar da nake son kafawa ƙarama ce: in P da Q gaskiya ne, to Q da P ma gaskiya ne, zaton kuma na sa masa suna h. Na rubuta constructor, na bi shi da exact h.2 (wato a yi amfani da ɓangare na biyu na h, Q ke nan), sai jan layi, alamar kuskure, ya fito ƙarƙashin kalmar by da ke buɗe hujjar. Na goge ta na sake rubutawa har sau uku, yana nan. Jiya har cajin kwamfutata ya ƙare ina kansa, ga shi babu wuta. Don Allah ina kuskuren yake?

Wani malami daga Gusau: Wa alaikumus salam. Ɗana, by ba ta da laifi. Ɗora linzami a kan jan layin, za ka ga an rubuta unsolved goals, wato da sauran aiki. Constructor ta raba maka aikin gida biyu, Q sannan P. Ka biya Q, ka bar P. Tunda babu layin da ya yi kuskure, sai Lean ta koma bakin ƙofar hujjar ta sa alama. Ƙara exact h.1 (ɓangaren farko na h, wato P), ka dubi tagar gefe, za ta ce No goals.

Wata 'yar uwa daga Argungu: Gaskiyar Malam. Ni abin da ya taimake ni shi ne fara kowane reshe da ɗigon nan ·, ana samun sa da \. a VS Code. In reshe bai kammala ba, a kan ɗigonsa jan zai tsaya, ba sai ka yi ta lalube ba.

Wani daga Talata Mafara: Ko ka sa sorry, kalmar da ke tsallake aikin da ba a gama ba, a wurin, jan zai koma rawaya.

Malamin Gusau: Zai koma, amma a yi hattara. Sorry bashi ce. Lean za ta karɓi kowace magana da ita, ko da ƙarya ce, gargaɗi kawai za ta yi. Tana da amfani in kana tsara doguwar hujja. Kafin ka miƙa aiki, rubuta #print axioms da sunan hujjar, Lean za ta nuna maka abubuwan da hujjar ta dogara da su. In ka ga sorryAx, wato akwai sorry a ciki, ba ka gama ba.

Mai tambaya: Alhamdulillah, na ƙara h.1, jan ya tafi. Allah ya saka da alheri, Malam. Yaya, yanzu zan gwada ɗigon.