Ciyaman ɗin matuƙa jirgi ya faɗi medikal, dole ne ya sauka?

Baban_Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, kaftin ne shekara da shekaru, a makarantar jirgi ta Zariya ya yi karatu, kuma shi ne ciyaman ɗin ƙungiyar matuƙa a kamfanin da yake aiki. Watan jiya ya je gwajin lafiya likita ya ga wani abu a bugun zuciyarsa aka dakatar da takardar medikal ɗinsa, to yanzu ba ya tashi. Da ya zo Gombe biki garau na gan shi, shi ma ya tuƙa mu zuwa filin jirgin Lawanti tarbar baƙi, amma wayarsa ba ta huta ba, wai wasu ƴan ƙungiyar sun ce tunda ba ya hawa jirgi ya ba su kujerarsu. Wlh abin ya tsaya min a rai. Wannan adalci ne?

Ɗan_Pantami:
Allah ya ba shi lafiya malam. Amma gsky ban ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in an zauna da kamfani kan awowin aiki da hutu ai gara wanda zai sa hannu ya zama shi ma gobe da asuba zai tashi da wannan jadawalin.

Injiniya_Wunti:
Ɗan Pantami ka haɗa abu biyu. Medikal ajin farko da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke nema don ɗakin tuƙi ne, ba don teburin mitin ba. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, duk wata 12 ake sabuntawa, in mutum ya kai 60 ya koma duk wata 6, a 65 kuma ya daina jan fasinja zuwa ƙasashen waje, kuma dakatarwa sau da yawa na ɗan lokaci ne, a yi magani a sake gwaji mutum ya koma aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye ciwo. Ku tuna jirgin Germanwings a 2015, mataimakin matuƙin likita ya ba shi takardar hutu ya ɓoye wa kamfani, jirgin ya faɗi a duwatsun Faransa mutum 150 suka mutu. To in yara suka ga kaftin ya rasa tashi sannan ƴan uwansa sun ƙwace masa kujera, wa zai ƙara gaya wa likita gaskiya?

Maman_Walida:
Ni tambayata ɗaya, wa ya kai musu labarin sakamakon? Ai sirri ne tsakaninsa da likita. Sannan a buɗe kundin ƙungiyar, in tun kafin zaɓe an rubuta sai mai medikal to ya haƙura, kuma ya hau kan kowa, in babu kar a ƙirƙiro don shi kaɗai. Maigidana direba ne, ciyaman ɗin tasharsu rabonsa da sitiyari an daɗe, ba wanda ya ce uffan.

Ɗan_Pantami:
Hajiya tasha daban jirgi daban fa 😂 amma maganar kundi na yarda.

Baban_Hanifa:
Na gode. Na kira shi ɗazu, ya ce kundin cewa kawai ya yi mamba mai biyan kuɗin ƙungiya, kuma likita zai sake duba shi bayan wata 3. Kakarmu kam murna take, wai dama ita tun farko ba ta son wannan yawon sama.