Neman shawara: wace tabarmar atisayen golf ta dace da falon gida?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan na yi ritaya likita ya umarce ni da yawan tafiya saboda hawan jini, sai wani tsohon abokin aikina ya ja ni filin golf, har abin ya shiga raina fiye da yadda na zata. Dogon bugu ba ya ba ni wahala, amma da zarar ƙwallo ta hau girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da rami, sai hannuna ya kama rawa, in yi bugu uku a inda ake son biyu. Akwai gasar 'yan kulob a ƙarshen watan gobe, abokin nan nawa ya riga ya rubuta sunana tare da nasa, ga filin da nisa, ga tsadar mai, ba na samun zuwa sai ƙarshen mako. Ɗana da ke Ingila zai zo gida kafin lokacin, ya ce in zaɓi tabarmar atisaye ya taho mini da ita. Ya turo hotunan iri biyu: ɗaya mai tudu a ƙarshe da hanyar da ke dawo da ƙwallo, ɗaya kuma shimfiɗaɗɗiya mai layuka. Hankalina ya fi kwanciya da mai tudun saboda bayana ba ya son sunkuyo. Uwargida kuma ta ce ba za a bar komai shimfiɗe a falo ba, domin jikoki suna zuwa. Don Allah ku taimaka, yaron yana jiran amsata.

Tsohon ɗan wasa daga Kaduna: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka manta da mai tudu. Wanda yake bugu uku a girin matsalarsa awon ƙarfi ce, kuma tudun nan yana tilasta maka ka ƙara ƙarfi don ƙwallo ta hau, sai hannunka ya saba da bugun da zai wuce rami a fili. A filin da aka ƙayyade wa bugu 72, an ware biyu ne ga kowane girin cikin guda 18, wato 36 ke nan, rabin lissafin gaba ɗaya, saboda haka ba a nan ake neman sauƙi ba. Ka sayi shimfiɗaɗɗiya wadda tsawonta bai gaza ƙafa 10 ba, ka tabbatar faɗin raminta inci 4.25 ne kamar na fili ko ƙasa da haka. Sannan ka sa yaron ya duba lambar saurinta, wadda ake aunawa da na'urar Stimpmeter: mai lamba 9 ko 10 ta ishi ɗan kulob, 12 zuwa sama kuwa ta manyan gasanni ce. Ba ka faɗa mana tsawon falon ba, ko tayil ne ko kafet, ba ka kuma faɗi filin da kake wasa ba.

Hajiya daga Abuja: Yallaɓai, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Tabarmar da mutum zai gaji da tsintar ƙwallo a kanta, a bayan kujera take ƙarewa, kuma Alhaji ya ce yana da ciwon baya. Mai tudu tana koya wa mai tsoro ya daina barin ƙwallo a hanya. Abin da zan ja hankalinka a kai, Alhaji, shi ne yadda za a ɗauko ta. Ni na yi odar tawa ta intanet, mai shagon ya ninke ta kamar zane maimakon ya naɗe, ta iso da alamar ninki a tsakiya wanda har yau yake karkatar da ƙwallo hagu. Na ɗora mata littattafai, na shanya ta a rana, babu canji, da na nemi a musanya kuwa sai suka daina ɗaukar wayata. Ka hana yaron cusa ta cikin akwati, ya bar ta a kwalinta.

Wani ɗan wasa daga Filato: Kafin a kai ga zancen sauri, a tambayi Alhaji ko ciyawa ce a bakin raminsu. A filin IBB na Abuja ciyawa ce, amma a wasu tsofaffin filayen arewa yashi ne da aka cakuɗa da mai, wanda ake share wa mutum hanya a kansa kafin ya buga, kuma tabarma mai santsi ba ta kama da wannan. Mu a namu kulob ɗin kullum ana karɓar kuɗin ban ruwa, amma rani na shigowa girin ya ƙone, ka yi magana a taro a ce ka cika ƙorafi. Ni kafet ɗin ɗaki da kofi a madadin rami nake amfani da su, in ajiye kwalaye biyu na ashana ƙwallo ta bi ta tsakaninsu.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai, Yallaɓai, ina ganin ba ka fahimce ni ba. Ni gajeren bugun nan na taku biyu ne yake kayar mini da gaba, kuma mai tudun don shi aka yi ta. Batun kofi kuwa ba zai yiwu ba, domin yaron ya riga ya yi niyya, ba zan karya masa gwiwa ba.

Tsohon ɗan wasa daga Kaduna: Na fahimce ka sarai, Alhaji. Abin tambaya shi ne me ya bar maka taku biyun tun farko, in ba bugun farko da bai yi daidai ba. Ko ƙwararrun gasar PGA ta Amurka kusan rabi kawai suke jefawa daga ƙafa 8, abin da ya raba su da mu shi ne ba sa barin ƙwallo nesa da rami. Ciwon baya kuma maganinsa ka zuba ƙwallo shida a gefenka, ka tsince su da robar da ake maƙalawa a gindin sanda. Idan tayil ne a falon, ka nemi mai kaurin soso a ƙasa, domin siririya tana kwaikwayon kowane layi da ke tsakanin tayil, kuma ka riƙa share ta saboda ƙurar hunturu tana rage mata gudu.

Hajiya daga Abuja: Mai kaurin soso ba ta naɗuwa ƙarama, kuma uwargida ta riga ta faɗi sharaɗinta. A ina za a ajiye ta?

Mai neman shawara: Zan auna falon idan na dawo daga masallaci. Amma yaron ya sake turo hoton wata ta uku mai rami biyu, babba da ƙarami, ita ma da tudunta, ya ce ita ce ta fi araha. Ko akwai wanda ya taɓa amfani da irinta?