Me ya sa 'yan sandan Amurka ke sintiri da mota mai ƙofa biyu?

Nuhu_Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni yaron gareji ne a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ƙasar Ghana, ina koyon aikin inji. A bidiyoyin 'yan sandan Amurka da nake kallo a YouTube ina ganin wasunsu cikin Mustang, wasu Camaro, wasu Challenger, an yi musu fenti an ɗora jiniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, motocin nan ƙofa biyu gare su. An taɓa kawo mana Mustang gyara, wadda aka sauke a Tema, kujerarta ta baya ko yaro ne sai ya naɗe ƙafa. To idan ɗan sanda ya kama mutum ya sa masa ankwa, ina zai zaunar da shi? Ga shan mai, ga tsada. Mu nan koti, wato 'yan sandanmu, a-kori-kura suke hawa, su cika baya kowa da bindigarsa. Shin gayu ne kawai, ko akwai dalili na aiki? Kuma da za a kawo irinsu hanyar Kumasi zuwa Akara, za su yi amfani?

Masta Garba Suame:

Wa alaikumus salam Nuhu. Madalla da yaron da ke duba kujerar baya, ba bonet kaɗai ba.

Ka fara raba 'yan sandan gida biyu. Akwai na cikin gari, masu zuwa wurin faɗa da sata, su ne masu ɗaukar mutane zuwa caji ofis. Akwai kuma na babbar hanya, kamar MTTD ɗinmu, sashen 'yan sandan kula da hanya, waɗanda yawancin aikinsu mai gudun wuce ƙa'ida ne: a bi shi, a tsayar da shi, a rubuta masa takardar tara, kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ne a motar, yini guda bai ɗauki kowa ba. Waɗannan na biyu su ne aka saya wa mai ƙofa biyu. Ranar da kame ya kama, sai ya kira ta oba-oba a turo babbar mota, ko ya zaunar da mutumin a gaba kusa da shi.

Abin da ya kai su ga haka kuwa matsala ce ta inji, shi ya sa nake son labarin. Kafin shekarun 1970 manyan motocin 'yan sandan Amurka masu ƙofa huɗu suna da injuna manya, har mai lita bakwai da ɗoriya, ba mai tsere musu. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga dokokin rage hayaƙi. Kamfanoni suka rage matsin inji, suka cusa na'urar tace hayaƙi a salansa, suka shaƙe kafireta. Jikin mota yana nan da nauyinsa, ƙarfi ya tafi. A 1974 kuma gwamnatinsu ta kafa dokar kada a wuce mil 55 a awa a duk ƙasar, wato kusan kilomita 89, aka ce wa 'yan sanda su tabbatar da ita. Ka ga an ƙara musu aiki a daidai lokacin da aka karya musu mota. 'Yan sandan babbar hanya na Kalifoniya sun sha wuya da Dodge St. Regis ta 1980 mai inji lita 5.2, wadda ta yi ƙaurin suna wajen sanyin jiki, musamman a hawa.

Jihar Alabama ce ta riga kowa. Tun 1971 ta sayi AMC Javelin mai ƙofa biyu da inji lita 6.6, kuma kuɗi ne ya kai ta, don ta fi manyan motocin araha. Kalifoniya ta gwada Camaro Z28 guda 12 a 1979, injunan suka riƙa ba da matsala. Sai a 1982 ta koma wa Ford, ta karɓi Mustang wajen 400 a tashin farko. Daga nan Ford ta mai da abin sana'a, ta sa masa suna SSP, ta yi ta ƙerawa har 1993, kusan guda 15,000, hukumomi sama da 60 suka saya. Har talla kamfanin ya yi yana cewa abincin motar nan shi ne bin Porsche.

Ka lura da wannan, don zai yi maka amfani a aiki. Mustang ta 1982 ƙarfin doki 157 kacal gare ta, silinda takwas, lita 5.0. Yau akwai Camry mai silinda huɗu da ta fi haka. Amma jikinta bai wuce kilo 1,400 da 'yan kai ba, babbar motar kuwa ta ɗara ta da ɗaruruwan kilo. Ɗan sandan da ke fake a gefen hanya, mota ta wuce shi da gudun kilomita 150 a awa, abin da yake buƙata shi ne ya tashi daga tsaye ya cim mata kafin ta yi nisa. Duk daƙiƙar da ya ɓata wajen ɗaukar wuta, tazarar da zai bi cikin jama'a da mugun gudu ƙaruwa take yi. Hujjarsu ke nan: mota mai saurin tashi tana gajarta bi. Zuwa 1987 an kai injin doki 225. Chevrolet ma ta dawo da Camaro ta 'yan sanda, B4C, daga 1991 zuwa 2002.

Kada ka ɗauka daɗi zalla suka sha. Ciki matsattse ne ga ƙaton mutum mai ɗamara da bindiga a ƙugu, ga rediyo, ga na'urar auna gudu. Da yawansu giyar hannu ce, hannun da ke sa giya shi ne mai riƙe oba-oba. Tayoyin baya ke ja, bayan kuma ba nauyi, da an yi ruwa sai ta nemi juyawa da mai ita.

Awudu Boga:

Masta, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora da abin da na gani lokacin da nake jan tirela a can. Yanzu mai ƙofa biyu ta yi ƙaranci ƙwarai. Abin da za ka gani a madubi shi ne Ford Explorer ta 'yan sanda, ko Chevrolet Tahoe, ko Dodge Charger. Charger ɗin nan ita ta rufe zancen, don tun 2006 aka ba su ita, ƙofa huɗu, da injin Hemi lita 5.7. Ga gudu, ga wurin keji a baya, ga wurin kwamfuta. Me zai sa a sake matsa kai cikin Mustang?

Cikin waɗanda suka rage, Nuhu, ga iri biyu da na sani. Wasu ba fenti ba fitila a sama, suna sajewa cikin motoci, don ba wanda ke zaton ɗan sanda a motar samari. Direba ya gama gangancinsa a gabanta, sai ya ga fitilu sun kama daga cikin gilashi. Kalifoniya ta yi wa masu tirela irin wannan da fararen Camaro a 2002. Wasu kuma ba saya aka yi ba, ƙwacewa aka yi daga hannun masu fataucin ƙwaya da makamantansu, doka ta ba hukuma, aka yi mata fenti ana kai ta makarantu da wuraren taro don yara su matso su yi hira da ɗan sanda. A nan kam maganarka ta gayu tana da gaskiya. Haka na Dubai da Lamborghini da Bugatti, a wuraren masu yawon buɗe ido ake ajiye su. Amma na Italiya Lamborghini ɗinsu har ƙoda take kaiwa asibiti, da akwatin sanyi a gaba. Holan kuma ta yi sintiri da Porsche daga 1962 har 1996.

Maman Zainab, Asawase:

Ni ba ruwana da inji, amma ina bin hanyar Akara saro kaya, don haka tambayar Nuhu ta biyu ta shafe ni. Don Allah kada ma a fara. Daga Ejisu zuwa Konongo zuwa Nkawkaw, galibi hannu ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa, ga tireloli masu zuwa Burkina, ga Sprinter, ga masu talla a bakin titi, ga tudun rage gudu a garuruwa. A ina za a yi tseren? Direban da aka biyo ba tsayawa zai yi ba, ƙara wuta zai yi, mu da ke cikin motar haya mu ne a tsakiya. Ɗan ƙanwata ya kwanta asibiti wata da watanni saboda direban da ke gudun kamu ya kwashe shi a kan babur, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Su kansu Amurkawan, garuruwa da yawa sun taƙaita wa 'yan sandansu bin mota in ba babban laifi ba, saboda rayukan da ake asara. A sa kyamara, a ɗauki lamba, takarda ta iske mutum. Kuɗin mota ɗaya irin wannan zai sayi babura da yawa.

Nuhu_Aboabo:

Allah ya ƙara masa lafiya, Mama. Na gode Yaya Awudu. Masta, saura ɗaya: injin ta 'yan sandan daban ne da wadda ake sayar wa kowa? Yara a gareji suna cewa akwai wani abu da ake ƙara mata a ɓoye.

Masta Garba Suame:

Hajiya, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ina bayanki. Ko babbar hanyar Akara zuwa Tema da Nkrumah ya buɗe a 1965 kilomita 19 ce kawai, kafin Mustang ta gama miƙewa an iso. Ƙasan Mustang ɗin kuma a ƙasa yake, ramin farko zai tafi da kaskon mai, sannan a zauna jiran kayan gyara daga waje, ga kuɗin fito na babban inji. Hilux kuwa duk lungun Magazin da Abossey Okai akwai kayanta.

Nuhu, ka gaya wa yaran nan ba wani ɓoyayyen abu. Injin Mustang SSP shi ne 5.0 ɗin da kowa ke saya. Abin da aka canja na juriya ne, domin motar ɗan sanda tana iya yin awoyi a tsaye inji na aiki, sannan a taka ta har ƙasa ba shiri, kuma zafi ke kashe inji a irin wannan hali. Shi ya sa ake iya sa mata abin sanyaya baƙin mai, da tiyon lagireto na silikon wanda ba ya saurin fashewa, da alfaneta babba saboda fitilu da rediyo. Aka ƙarfafa daɓen ƙarƙashin kujera, aka ba ta cikakkiyar safaya, da agogon gudu wanda aka tantance, mai kai mil 140, daga baya 160, don abin da ya nuna ana iya kafa hujja da shi a kotu. Sojojin saman Amurka ma sun sayi irinta don bin jirgin leƙen asiri U-2 a baya lokacin sauka, wani matuƙi na cikin motar yana gaya wa na sama ta rediyo saura ƙafa nawa tayarsa ta taɓa ƙasa. In an sake kawo muku Mustang tana zafi a cunkoson Kejetia, lagireto da fanka da tiyo za ka fara dubawa kafin ka taɓa kan inji.