"Dawo da bayanai" ko "zaƙulo bayanai"? Mu tsayar da magana ɗaya

'Yan uwa masu harkar kwamfuta da malamanmu na harshe, ga wani aiki na kawo muku. Jiya ina duba taƙaitaccen bayanin kundin wata ɗaliba da ta mayar Hausa, sai na ga ta rubuta "dawo da bayanai" a gurbin information retrieval, wato fannin fito da takardun da suka fi dacewa da tambaya daga cikin tarin takardu. Na ja layi da jan biro, na zauna ina neman abin da zan sa mata a gefe, biron ya tsaya a iska.

Database dai an gama da shi: rumbun bayanai. Kalmar ta zauna daram, kowa na jinta, kada a tayar da zaune tsaye.

Rigimar tana kan ɗaya kalmar. "Dawo da" na nufin abu ya tafi ko ya ɓace, aka maido shi. Wannan aikin wanda faifansa ya lalace ne, yake ƙoƙarin ceto fayilolinsa. Fannin da Calvin Mooers ya raɗa wa suna a 1950 ba shi da haɗi da ɓata. Takardun suna nan jibge, ko ɗaya bai yi ƙafa ba. Yawansu ne matsalar.

Ku dubi bambancin, domin a nan kalmar za ta fito. Tun da Edgar Codd na IBM ya fito da tsarin tebura masu alaƙa a 1970, rumbun bayanai kaifi ɗaya ne. Ka ce masa da SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi: ba ni ɗaliban da makinsu ya haura 70. Mai 71 zai fito, mai 70 cif ba zai fito ba, babu alfarma. Wannan ni "ciro" nake ce masa. Ka san abin, ka san inda yake, ka miƙa hannu.

Ɗayan fannin kuwa ba ya ce maka e ko a'a. Ka rubuta "zazzaɓin cizon sauro ga yara", ya auna dubban takardu, ya jero maka su, wadda ta fi dacewa a sama. Yaya yake aunawa? Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ta kawo dabarar a 1972: kalmar da ke cikin kowace takarda, irin su "da" ko "ga", ba ta da nauyi, wadda ba a cika gani ba, kamar "zazzaɓi", ita ke nuna hanya. Gerard Salton da abokan aikinsa a Cornell suka mayar da kowace takarda jerin lambobi, yadda za a iya auna kusancinta da tambaya. Har gobe ma'aunin dacewar takarda da tambaya mai suna BM25, ɗan shekarun 1990, shi ne zakaran gwajin dafi: sabon tsarin da bai doke shi ba, masu bita ba sa ko kallonsa.

To wace kalma ce ke ɗauke da tarin abu, da zaɓe, da fito da mafi kyau? Zaƙulo. Muna cewa an zaƙulo masu hazaƙa daga cikin dubbai. Ba a zaƙulo abu sai yana cikin 'yan uwansa.

Na juya "lalubo" a baki, na ajiye. Lalube aikin duhu ne, ko a dace ko a rasa, alhali nan lissafi ake yi. "Nemo" ya yi faɗi, har makulli ana nemowa. "Bincike" kuma, don Allah a bar mana shi, shi muke amfani da shi ga aikin masana, in aka haɗa sai mu wayi gari muna rubuta "binciken binciken bayanai". "Tsamo" ya ɗan burge ni, sai dai yana jan hankali zuwa ruwa da ceto.

Wani zai ce gardamar me ake, kalma ɗaya ta wadatar. A'a, yanzu ne ma ake buƙatar biyun, saboda masu bincike sun tasa fannonin biyu gaba suna ɗaura musu aure. Ga rumbunan da ke ajiye jerin lambobi suna nemo mafi kusa a ma'ana maimakon daidai wa daida. A 2018 Tim Kraska da abokansa suka nuna cewa ƙirar da ta koyi yanayin bayanai tana iya maye gurbin fihirisar gargajiya, wato jagorar da ke nuna inda kowane bayani yake a rumbu. A 2020 masu bincike na Facebook suka fito da RAG, inda ƙirar harshe, wato manhajar da ta koyi rubuta amsa kamar mutum, take fara zaƙulo takardu kafin ta buɗe baki ta amsa. Ɗalibin da zai rubuta kan waɗannan dole ya iya cewa: tsarin nan yana zaƙulowa tukuna, sannan ya ciro. Da kalma ɗaya jimlar ta mutu.

Saboda haka a gefen kundin na rubuta mata "zaƙulo bayanai", a ƙasa na ƙara "dacewa" ga abin da ake aunawa, "jerantawa" ga tsara sakamakon. Wanda har yanzu ya cije min shi ne query, wato abin da mutum ke rubuta wa injin nema ko rumbu. "Tambaya" ta yi wa injin nema daidai, amma umarnin SQL da ke goge layi dubu ba tambaya ba ce. Malamai, me za mu kira shi?