Wace kalmar Hausa za ta ɗauki "premium" na inshorar lafiya?

1. 'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan lafiya, ina neman shawararku. Muna rubuta takardar wayar da kai ga 'yan kasuwa da masu Keke Napep a nan Kaduna kan tsarin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, sai muka cije a "premium", wato kuɗin da mutum ke biya duk wata ko duk shekara domin a duba shi a asibiti ran da ciwo ya zo.

2. "Kuɗin inshora" ya yi faɗi. Mai karatu ba zai gane ba, kuɗin da shi ke biya ake nufi ko kuɗin da ake biyan asibiti?

3. Wata Hajiya daga Tudun Wada ta kawo "zubi". Kalma ce mai daɗi a baki, babu matar da ke Kasuwar Barci da ba ta san ta ba. Amma Hajiya, ki gafarce ni, ina da ja. Mai zubin adashi jiran ranar kwasarsa yake yi. A nan kuwa mutum zai biya shekara cur, ko ciwon kai bai yi ba, kuma ba za a mayar masa da ko sisin kwabo ba. Kuɗinsa sun tafi wajen tiyatar wata mai naƙuda da bai taɓa gani ba. In muka ce masa zubi ne, shekara na ƙarewa zai zo neman kwasa, in bai samu ba ya ce an cuce shi, ya fice.

4. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Idan masu ƙoshin lafiya suka janye, aka bar masu hawan jini da ciwon suga kaɗai, asusun ba zai iya ɗaukarsu ba. Sai a ƙara kuɗi, wasu su sake ficewa. Shi ya sa nake ganin hikimar dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar NHIS ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa a Najeriya.

5. "Haraji" kam a bar shi, korar mutane zai yi.

6. Wani malamin asibiti ya ce "karo-karo". Malam, na bi ka. Duk wanda ya ba da karo-karon gyaran rijiyar burtsatse a unguwa ba ya komawa ya ce a dawo masa da nasa, ya san amfanin na jama'a ne kuma yana ciki. Raunin kalmar ɗaya ne: karo-karo akan yi shi sau ɗaya, kowa da abin da ya sawwaƙa, wannan kuwa ƙayyadadde ne mai maimaituwa. Don haka muka rubuta "karo-karon lafiya na wata-wata", ko "na shekara-shekara".

7. Saura kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani da mai rajista ke biya da kansa a tsarin NHIA. Na sa masa "cikon magani". Masu aiki a tagar ba da magani, in akwai yadda marasa lafiya ke kiransa da bakinsu, ku faɗa mini kafin mu kai takardar maɗaba'a.