Plaket ɗin yarona sun sauka, likita ya ce jikinsa ne ke cinye su

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekara 6, ya yi mura ya warke, sai ƙananan jajayen ɗigo suka fito mishi a ƙafa, ga haɓo, ga dasashi na jini in ya yi asuwaki. Mun yi analiz nan Damagaram, palu babu, amma plaket, wato ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, sun sauka zuwa dubu 18. Likita ya ce wani ciwo ne da ake ce ma PTI, wai garkuwar jikinsa ke cinye su. To don Allah me ya hana a ƙara mai jini kawai? Hankalina ya tashi wallahi.

Ɗan Birni:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Mai lafiya plaket ɗinsa dubu 150 zuwa 450 ne. Kar ki ba shi aspirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jinin, kuma a hana shi kokawa da ƙwallo tukuna.

Infirmiye Zengo:
Yaya, ƙarin jinin ba ya tsayawa ne shi ya sa. A wannan ciwon jiki yana yin antikor, wato sinadaran garkuwar jiki, da ke manne wa plaket, kamar an shafa wa tunkiya fenti a kasuwa, in jinin ya bi ta saifa sai wasu ƙwayoyi da ake ce ma makrofaj su ga alamar su haɗiye ta, hanta ma tana ɗan yi. Plaket da ya kamata ta yi kwana 7 zuwa 10 sai ta ƙare cikin awoyi, kuma antikor ɗin har ɓargo suke zuwa su taɓa ƙwayoyin da ke haifar da plaket, ga kuma wasu ƙwayoyin garkuwa da ake ce ma T da kan kashe plaket ɗin kai tsaye. To in an sa na wani su ma haka za a cinye su, don haka sai jini ya ɓalle sosai ake sawa. Maganin prednisone da makamantansa kuwa cinyewar suke ragewa, amma likita ke tsara shan su, ba a yanke su lokaci guda.

Uwar Biyu:
Na gode ƙanwata, yanzu na gane. Yana warkewa kuwa?

Infirmiye Zengo:
Yawancin yara cikin watanni suke warwarewa, wasu ko magani ba a ba su. Amma in ya buga kai, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ku tafi asibiti ko da dare ne.